In an ba ka na'urar numfashin barci, kar ka yi shiru da matsalar takunkumi

Salamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa. In ana ba baƙo shawara a nan kowa maganar takardu da haya da aiki yake yi, amma akwai abu ɗaya da bamu cika taɓowa ba, shine da yawanmu sai mun zo ƙasashen nan irin su Ingila da Amurka ake gano muna da matsalar ɗaukewar numfashi cikin barci. Likita ya tura ka gwaji, a miƙo maka na'urar CPAP a jaka, wato mai turo maka iska ta takunkumin da ake sawa a fuska lokacin barci, nas ta nuna maka yadda ake sawa cikin 'yan mintuna, ka ce toh na gode ka tafi gida, daga nan kuma sai kai da halinka. Ni da ita nake kwana, kuma na san 'yan uwa da suka tura tasu ƙarƙashin gado suna cewa ai abin bai karɓe su ba, wallahi in ka zauna da su ka bincika zakaga ba na'urar bace matsalar, takunkumin da aka basu ne bai dace da fuskarsu ba kuma kunya ta hana su komawa su faɗa.

Ciwon kansa ba wani boyayyen abu bane. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro da tushen harshe suna saki, a wasu mutane hanyar iskar sai ta tsuke ko ta toshe gaba ɗaya, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, oksijin ya sauka a jini, ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da kai ka yi wani irin minshari mai ƙarfi ka ja iska ka koma, kai baka ma san an yi ba. A takardar gwajinka zakaga lamba da suke rubutawa AHI, wato sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Ka yi tunanin mutumin da barcinsa ke yankewa sau 40 a kowace awa, dole ya tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi, ya riƙa tashi fitsari cikin dare, kuma abin yana da alaƙa da hawan jinin da baya jin magani da matsalar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Na'urar kuma ba oksijin take baka ba kamar yadda wasu ke zato, iskar ɗakinka ce take tacewa ta turo da ɗan ƙarfi don hanyar ta zauna a buɗe. Wani likita a Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya fito da dabarar, aka wallafa aikinsa a 1981. Bata warkar da ciwon, daren da ka kwana babu ita ya dawo, shi yasa maganar sabo da ita take da muhimmanci haka.

Toh takunkumi kala uku ne a taƙaice. Akwai ƙaramin da ke da 'yan robobi biyu masu zama a bakin ƙofofin hanci, akwai mai rufe hanci kaɗai, sai babban mai rufe hanci da baki. Kowane kala kuma yana da girma daban-daban, kuma ƙaramin wani kamfani ba lallai ya zama ƙaramin wani ba. Hancinmu da yawa yana da faɗi kuma karan hancin bai da tsayi sosai, don haka takunkumin da ya zauna daram a fuskar wani sai ka ga a taka yana hura maka iska cikin ido. Wannan ba laifinka bane kuma ba abin haƙuri bane. Ka ce a gwada maka wani. Masu gemu da gashin baki su ne suka fi shan wahala da babban, saboda robar tana buƙatar ta manne da fata, gashi kuma baya barinta, mafi yawansu suna samun sauƙi da ƙaramin na ƙofar hanci tunda shi babu ruwansa da gemu. 'Yan uwa mata kuma ku lura da kitso, madaurin da aka daidaita miki ranar da kanki yake a tsefe ba zai zauna daidai ba in kin yi kitso mai tudu, sai kin sake daidaitawa, kuma siririyar hula mai santsi a ƙarƙashin madaurin tana hana shi cin gashi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shine in ya ji iska na fita ta gefe sai ya ƙara ɗaure madauri, ya ƙara, ya ƙara, har ya tashi da safe da shaida a kumatu da ciwo a karan hanci, kuma iskar bata daina fita ba. Robar nan an yi ta ne yadda iska zata shiga ta kumbura ta kamar tayar keke sannan ta kama fatar a hankali, in ka matse ta da yawa ka hana ta kumburin sai ta lanƙwashe ta buɗe wata kafar. Abin da zakayi shine ka kwanta yadda kake barci, ba a zaune gaban madubi ba don fuska tana canzawa in an kwanta, ka kunna na'urar, ka ɗan ɗaga takunkumin daga fuskarka ka bari ya cika da iska ka mayar a hankali, sannan ka ja madaurin kaɗan kaɗan, dama da hagu daidai wa daida. In iskar ta sama take fita wajen ido madaurin sama zaka taɓa, in ta wajen haɓa ce na ƙasa. Kuma ka wanke fuska kafin ka kwanta kar ka shafa mai, na san sanyin ƙasashen nan yana busar da fata har mutum baya iya kwana bai shafa ba, amma maiƙo yana sa robar zamewa kuma yana lalata ta, musamman irin su Vaseline. Ka shafa da wuri ya shige jiki, ko ka bar wurin da robar ke zama.

Akwai wasu 'yan ƙananan huji a gaban takunkumin da iska ke fita ta cikinsu kullum. Dan Allah kar ka toshe su da salatif ko ka rufe da bargo wai yana yoyo. Ta nan iskar da ka fitar take fita, da gangan aka yi su.

Wanda yake da takunkumin hanci amma yana tashi da baki a bushe ƙamas, alama ce bakinsa na buɗewa cikin barci iskar na shiga ta hanci tana fita ta baki, maganin bai yi aiki ba kenan. Akwai madaurin haɓa da ake bayarwa, in bai yi ba sai a koma babban takunkumi. In kuma hanci ne ke toshewa ko yake bushewa, na'urar tana da tankin ruwa mai ɗumama iska, ka ƙara lambar danshin. Sai dai a lokacin sanyi in ɗaki ya yi sanyi sosai danshin yana zama ruwa a cikin tiyo, ka ji yana ƙara ko ya zubo maka a fuska tsakar dare, maganinsa ka ajiye na'urar ƙasa da tsayin kanka, ka cusa tiyon cikin bargo, ko ka tambaya ko suna da tiyo mai ɗumi. Ruwan tankin a canza shi kullum, kuma tataccen ruwa da ake kira distil yafi, don a wurare irin su Landan ruwan famfo yana barin farin dutse a ƙasan tanki.

Sai maganar tsoro, wadda maza musamman basa son faɗa. Daren farko mutane da yawa ji suke kamar an shaƙe su, iska na turowa kai kuma kana son fitarwa, zuciya ta fara bugawa ka fizge abin ka jefar. Wannan ba raki bane, jiki ne bai saba ba. Kar ka bari sai dare ya yi ka gaji sannan ka fara kokawa da shi. Da rana kana zaune kana kallo ko kana danna waya ka sa takunkumin, da farko ba tare da tiyo ba, in ka saba ka haɗa ka kunna, minti ashirin ko rabin awa, hankalinka na wani wuri. Ƙarfin iskar ana auna shi daga 4 zuwa 20, kuma akwai tsarin da na'urar ke farawa a ƙasa ta riƙa hawa a hankali har ka yi barci. Wasu kuma akasin haka ne, 4 ɗin ya yi musu kaɗan sai su ji iska bata isarsu, su sai an ɗaga musu mafarin. Akwai kuma saitin da ke rage ƙarfin a daidai lokacin da kake fitar da numfashi, a na'urorin kamfanin ResMed sunansa EPR. In kana tashi da ciki a kumbure kana ta gyatsa, iska kake haɗiya, shima ka faɗa musu. Kar ka bi bidiyon intanet ka shiga canza ƙarfin da kanka, yawancin na'urorin yanzu suna aika bayani asibiti ta sabis ɗin waya kuma daga ofis ɗinsu suna iya gyara saitin ba sai ka je ba, waya ɗaya ce kawai.

In ka farka ka ga takunkumin a ƙasa baka san lokacin da ka cire ba, ka ɗauka ka mayar. In ka tashi da asuba zaka koma barci ka mayar, don barcin mafarki yafi yawa a ƙarshen dare kuma a cikinsa toshewar tafi tsanani. Masu aikin dare, ku da kuke barcin rana, duk ɗaya ne, ko wane lokaci zaku kwanta ku sa.

Yanzu abin da baƙo ya kamata ya sani game da tsarin ƙasar da yake. A Ingila ta hannun likitan unguwa wato GP ake tura ka asibitin barci, hukumar lafiya ta gwamnati wato NHS ce ke ba da na'urar aro kuma su ke canza maka takunkumi in ya lalace, in Turancinka bai kai ka yi bayanin abin da ke damunka ba kana da damar neman tafinta kyauta. A Amurka maganar inshora ce, kuma suna duba ko kana amfani da ita. Ƙa'idar Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, wadda kamfanonin inshora da yawa suke bi, ita ce aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, cikin kwana 30 a jere a watanni ukun farko. In baka cika ba suna iya daina biya ko su karɓe na'urar. Kaga kenan mutumin da ya kwashe wata biyu yana haƙuri da takunkumin da bai dace da shi ba don kar a ce ya cika ƙorafi, kansa ya cuta. A nan in ka yi shiru ɗauka suke komai lafiya, ba wanda zai karanci fuskarka ya gane kawaici kake. Da yawa daga masu ba da kayan suna yarda a canza takunkumi a makonnin farko, ka tambayi wa'adin tun ranar da ka karɓa.

Direbobi ku saurara da kyau, don na san da yawanmu tuƙi ne abincinmu. A Birtaniya in ciwon matsakaici ne ko mai tsanani kuma yana sa ka barci da rana, doka ce ka sanar da hukumar lasisin tuƙi wato DVLA kuma ka dakata da tuƙi har sai an shawo kansa, rashin sanarwa yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Wannan ne ke sa wasu gudun gwajin gaba ɗaya, kuma na fahimci tsoron, amma wanda yake amfani da na'urarsa barcin ranar ya tafi yana ci gaba da tuƙinsa. Masu tirela a Amurka ma likitan da ke sabunta musu takardar lafiya yakan nemi rahoton na'urar. Rahoton nan shi ne shaidarka, kuma ran mutanen da ka ɗauko a mota amana ne a hannunka.

Wanki ba wuya, robar a goge ta ko a wanke kullum da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, tiyo da madauri da tanki sau ɗaya a sati, a shanya a inuwa, a riƙa duba 'yar matatar iskar da ke bayan na'urar. Robar tana tsufa, in takunkumin da ya daɗe yana zama lafiya ya fara yoyo ba dalili toh lokacin canji ne ya yi. Wasu takunkuman suna da maganaɗisu a maɗaurinsu, in kai ko wanda kuke kwana tare yana da na'urar bugun zuciya a jiki ko wani ƙarfe da aka dasa masa, ka faɗa kafin a baka.

In zaka yi tafiya ka riƙe ta a hannu kar ka sa ta cikin kayan awo, a jiragen Amurka ba a lissafa ta cikin jakar hannu tunda kayan lafiya ce, sauran kamfanoni ka tambaya kafin ranar. Yawancinsu suna aiki da wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, kan soket kawai zaka nema. Kuma kar ka sayi ta hannu a intanet ko ka ari ta wani don ka ji kuna minshari iri ɗaya, saitin kowa daban ne, sannan a 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana rududdugewa, wasu daga cikinsu har yanzu suna yawo a hannun mutane. In wani ya baka kyauta ka kai asibitin barci su duba lambarta su saita maka ita kafin ka kwana da ita.