Yadda na shawo kan sanyin jikin tagwayena bakwaini

Cikina na wata bakwai da 'yan kwanaki na haihu, Hassana kilo 1.6, Usaina 1.4. Da aka sallame mu daga asibiti muka koma gida Tudun Wada, hunturu ya kankama. Kullum da asuba in taɓa ƙafafunsu in ji su kamar ƙanƙara, Usaina ko nono ba ta iya kamawa, sai barci.

Inna ta ce a shigo da kaskon wuta. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, hayaƙin gawayi zai cutar da numfashinsu."

Goyon ƙirji da nas ta koya mini shi ya fisshe ni. In tuɓe yarinya, daga ita sai nafkin, hula da safa, in kwantar da ita tsakanin nonuwana, fata na taɓa fata, in ɗaure da zani, kanta a gefe don hanci ya samu iska. Ɗayar kuma Inna ta goya haka. Da farko har da tsaki, yanzu ita ke tuna mini. Wanka muka rage, sai gogewa da ruwan ɗumi da rana.

Usaina kuwa tatsa nake yi in ba ta a ƙaramin kofi duk bayan awa 2, har cikin dare. Awo na uku ta haura kilo 2.