Yadda Ake Kai Bidiyon Manyan Kyamarori Daga Wata Manhajar Tacewa Zuwa Wata

Sau da yawa wanda ya ɗauki hawan Sallah a Garwa ko bikin aure a Marwa ba shi ne yake tace aikin ba, kuma mai tacewar, wanda a nan arewacin Kamaru aka fi kira mai montaj, yana iya kasancewa a Ngaundere da kwamfuta da manhaja dabam. A wannan miƙa hannun ne aiki yake lalacewa: fayil ya ƙi buɗewa, ko hoto ya riƙa sarƙewa, ko murya ta rabu da baki.

Matakin farko shi ne sanin abin da ke cikin fayil. Haruffan da ke ƙarshen sunansa, wato MP4 ko MOV ko MXF, mazubi kawai suke nunawa, kamar kwanon da aka rufe. Abin da ke ciki shi ne kodek, wato tsarin da aka bi aka matse bidiyon aka ajiye shi, kuma shi manhaja take karɓa ko ta ƙi. A buɗe fayil ɗin da MediaInfo, wadda kyauta ce, a rubuta kodek ɗinsa, da yawan firam a daƙiƙa, wato hotuna ɗai-ɗai da suke jeruwa su zama bidiyo, da zurfin launinsa, ko bit 8 ne ko bit 10. Kyamarorin Sony suna rubuta XAVC, na Blackmagic suna da BRAW, na RED kuma R3D, yayin da yawancin ƙananan kyamarori da wayoyi suke amfani da H.264 ko H.265.

Tun kafin ɗauka ya kamata a daidaita yawan firam. Wutar lantarkin Kamaru da Chadi tana tafiya a kan hertz 50, saboda haka firam 25 ko 50 ne ya dace da fitilunmu. Kyamarar da aka bari a kan firam 30 na tsarin Amurka takan sa haske ya riƙa ƙyaftawa a zauren biki, kuma gyaran wannan a wajen tacewa wahala ce babba.

Bayan ɗauka, a kwafe katin kyamara gaba ɗayansa, da dukkan foldodinsa, ba a tsinci fayilolin bidiyo kaɗai ba, domin wasu kyamarori suna ajiye bayanan haɗa dogon ɗauka a cikin ƙananan fayilolin da ido yake rainawa. A yi kwafi biyu a faifan ajiya biyu. Faifan da zai yi yawo tsakanin Mac da Windows a tsara shi da exFAT, tunda FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, Mac kuma yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Kada a sauya sunan ko fayil ɗaya bayan an fara tacewa.

Mataki na gaba, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne juya bidiyon zuwa kodek na tacewa. An ƙera H.264 da H.265 ne don rage nauyi, ta yadda firam ɗaya cikakke yake ɗauke da wasu da dama da suka dogara da shi, don haka duk lokacin da mai tacewa ya yanka ko ya koma baya sai kwamfuta ta sake lissafin rukunin. A zafin Garwa na watan Afrilu, ƙaramar kwamfuta ba ta jure wannan na dogon lokaci. ProRes na Apple da DNxHR na Avid kuwa kowane firam a cikinsu tsaye yake da ƙafarsa, kuma Premiere Pro da DaVinci Resolve suna karanta su duka biyun. Abin da ake biya shi ne wurin ajiya a faifai: sa'a ɗaya ta ProRes 422 a girman 1080 da firam 25 tana cin kusan gigabait 55, ta ProRes 422 HQ kuma kusan 83. Wanda faifansa bai kai ba ya yi kwafi mara nauyi da ProRes Proxy, mai cin kusan gigabait 17 a sa'a, ya yi tacewa da shi, sannan ya mayar da manhaja kan fayilolin asali lokacin fitar da aiki. Shutter Encoder tana yin wannan juyi kyauta. Bidiyon waya da dangin amarya suka turo shi ma a juya shi zuwa tsayayyen firam 25, domin waya takan sauya yawan firam a tsakiyar ɗauka, abin da yake raba murya da hoto.

Fayilolin BRAW suna buɗewa kai tsaye a Resolve, amma Premiere Pro tana buƙatar ƙarin manhajar da Blackmagic take bayarwa kyauta.

Idan za a kai aikin da aka riga aka yanka zuwa wata manhaja, ba fayil ɗin aikin ake turawa ba, sai dai jadawalin yanka. Premiere Pro tana fitar da XML, Final Cut Pro tana fitar da FCPXML, Avid Media Composer kuma AAF, Resolve tana karanta dukkan ukun, shi ya sa take zama mahaɗa mai kyau. Yanka da jerin hotuna suna ƙetarewa lafiya, amma rubutun kan allo da ado da gyaran launi sukan ɓace ko su sauya, saboda haka a haɗa da ƙaramin MP4 na aikin yadda yake, domin mai karɓa ya gwada yanka da yanka.

A kuma sanar da shi idan an ɗauka da tsarin launi irin S-Log3 na Sony ko V-Log na Panasonic. Irin wannan hoto yakan fito fari-fari kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu, ba kuwa lalacewa ya yi ba. Jira yake a mayar da shi zuwa Rec.709, wato launin da aka saba gani a talabijin, da LUT ɗin kamfanin da ya ƙera kyamarar, wato ɗan fayil mai juya launi. A rubuta sunan kyamara da tsarin launinta da yawan firam a ɗan fayil na rubutu, a ajiye shi a cikin faifan tare da bidiyon kafin a ba direban motar Ngaundere.