Yadda ake ƙara wa na'urar megahaz 433 nisan zango

Ƙananan na'urorin aikawa da karɓar saƙo na megahaz 433, irin waɗanda ɗaliban Kaduna ke sawa a aikin kammala karatu ko rimot ɗin get, suna da arha. Sai dai sau da yawa a haɗa su, saƙo ya kasa tsallake tsakar gida, a ɗora wa manhaja laifi. Galibi eriya ce da wuta.

Fara da eriya. Raba 300 da 433.92, ainihin megahaz ɗin na'urar, za ka samu tsawon igiyar rediyon, mita 0.69, wato kusan santimita 69. Rubu'insa, wato santimita 17.3, shi ne tsawon eriyarka. Yanko wayar tagulla mai sanda ɗaya, ka liƙa ta da dalma a ramin eriya mai alamar ANT na mai aikawa, ka yi wa mai karɓa irinta. Kowace ta tsaya a miƙe; idan ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, ƙarfin saƙon zai zube. Kada ka bar rara wai don ta ƙara ja, ƙarin tsawo ɓata daidaiton yake yi. Kada kuma ka rufe ta cikin akwatin ƙarfe ko ka jingina ta da kwano ko get, sa akwatin roba.

In za ka zana allonka na kanka, layin da ke kai saƙo ga eriya ya zama ohm 50. A allon FR4, irin allon da aka saba haɗa na'urori a kai, mai kaurin milimita 1.6, faɗinsa kusan milimita 3 ne, kuma bayan allon ya kasance shimfiɗar tagulla ta GND, wato layin ƙasa na wuta, wadda ba a yanka ta ba. Gajarta layin iyakar iyawa.

Sai wuta. Mai aikawa FS1000A yana ɗaukar har bolt 12, kuma ƙarin wuta na ƙara masa nisa. Mai karɓa kuwa bolt 5 yake so, mai tsabta. Cajar waya ta araha tana cika layin da hayaniya, don haka fara gwaji da batir. Sa kafasita 100nF da 10µF tsakanin VCC, wato ƙafar shigar wuta, da GND, dab da ƙafar na'urar. In ka kai su can nesa, ka yi aikin banza.

Za ka ga mai karɓa yana ta fitar da shirme ko ba a aiko komai ba. Ba lalacewa ya yi ba, ƙara wa kansa ji yake yi har ya kwaso hayaniya. RadioHead, wani kundin manhaja na aikawa da karɓar saƙon rediyo, na magance wannan. Bar gudunsa a bit 2000 a daƙiƙa. In da hali, ajiye mai karɓa XY-MK-5V ka sayi mai karɓa RXB6, ya fi shi ji nesa ba kusa ba.

Da hunturu, taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki allon, don wutar da jiki ke tarawa a busasshiyar iska na iya kashe na'urar.