Yadda ake saita rahoton kwafin ajiya a Azure da yadda ake karanta shi

Kamfani zai iya biyan kuɗin ajiyar bayanai a Azure, dandalin kwamfuta na Microsoft da ake aiki da shi ta intanet, wata da watanni, kowa hankalinsa kwance, sai ranar da sabar, wato kwamfutar da take ɗauke da bayanan kamfanin, ta lalace a tarar kwafi na ƙarshe da ya yi nasara ya kai mako shida. Yawanci ba na'ura ce ta ci amana ba, ba wanda yake duba rahoto ne. Azure Backup, wato tsarin da yake ɗaukar kwafin ajiya, kuwa ba ya tara maka tarihin da rahoto yake buƙata sai ka kunna shi da hannunka, kuma daga ranar da ka kunna yake fara tarawa. Abin da ya wuce kafin nan ba za ka gan shi a rahoto ba. Saboda haka ka yi wannan aiki ranar da ka buɗe rumbun da ake ajiye kwafin a ciki, wato Recovery Services vault, kada ka bari sai mai binciken asusu ya iso.

Mataki na farko shi ne buɗe Log Analytics workspace, wato wurin da bayanan rahoton za su riƙa zuba. Ba dole ya kasance yanki ɗaya da rumbunka ba. Kana iya samun Recovery Services vault a South Africa North da ke Johannesburg, wani a West Europe, duka su zuba a wuri guda. Mun fi son wuri guda ga kamfani ɗaya, domin idan ka rarraba, za ka riƙa tsalle daga nan zuwa can kafin ka ga hoton gaba ɗaya. Da ka buɗe shi, shiga Usage and estimated costs ka duba Data Retention. Asalin saitin kwana 30 ne. Idan ka bar shi haka, ranar da shugabanka ya nemi rahoton wata uku ba ka da abin nunawa. Kwana 90 shi ne mafi ƙarancin da muke ba da shawara, wanda kuma doka ko yarjejeniya ta wajabta masa shekara ya sa 365. Ka sani ƙarin kwanakin da kuɗinsu.

Na biyu, ka shiga rumbun, ka danna Diagnostic settings, ka ƙara sabon saiti. Ka zaɓi Send to Log Analytics workspace, sannan ka tabbata ka danna Resource specific. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: sukan bar shi a Azure diagnostics, su zaɓi sababbin rukunan bayanai, sai bayanan su ƙi sauka inda rahoton yake nemansu. Rukunan da za ka yi wa alama shida ne: CoreAzureBackup, AddonAzureBackupJobs, AzureBackupOperations, AddonAzureBackupPolicy, AddonAzureBackupStorage da AddonAzureBackupProtectedInstance. Kada ka ce za ka rage wasu don tsimin kuɗi. Na farkon shi ne yake ɗauke da sunayen rumbuna da abubuwan da ake ajiyewa, idan babu shi sauran sun zama lambobi marasa suna. Mai rumbuna da yawa ya yi amfani da Azure Policy, wato ƙa'idojin da Azure yake aiwatarwa da kansa, akwai wadda Microsoft ta tanada da take sa wannan saiti a kan kowane rumbu, har da waɗanda za a buɗe nan gaba.

Sai haƙuri. Zubowar farko takan ɗauki har awa 24, don haka idan ka buɗe Backup Reports ka ga fili fetal, kada ka goge saitin ka sake, jira za ka yi zuwa gobe. Rahoton kuma ba ya nuna ranar da ake ciki, sai ranakun da suka cika. Lissafin ranar da agogon duniya na UTC ake yi, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. Aikin da ya tashi ƙarfe 12:30 na daren Litinin wayewar Talata a agogonmu, rahoto zai lissafa shi a Litinin. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa mutum ya ɗauka an tsallake rana alhali ba a tsallake ba.

Yanzu ga karatun, wanda shi ne ainihin aikin. Shafin Summary yana da daɗin kallo amma ba a nan matsala take ɓuya ba. Ka wuce zuwa Jobs, ka tace waɗanda suka faɗi, ka karanta lambar kuskuren kowanne. Idan ka ga UserErrorGuestAgentStatusUnavailable, ɗan manhajar da ke cikin sabar ne ya daina magana da Azure: ko ya tsaya, ko ya tsufa, ko an toshe masa hanyar fita. Ka shiga sabar ka tayar da shi ko ka sabunta shi. Idan UserErrorRpCollectionLimitReached ne, ka nemi makullin da wani ya sa a kan resource group, wato rukunin kayan Azure, da ake ajiye hotunan faifai (kwafin gaggawa na faifan sabar) a ciki. An sa shi da kyakkyawar niyya don kada a goge komai, amma ya hana Azure share tsofaffin hotuna, wuri ya cika, sababbi suka rasa inda za su sauka. Cire makullin, share tarin, ka sake gwadawa.

Faɗuwa sau ɗaya ba abin tashin hankali ba ce idan aikin washegari ya yi nasara. Abin tsoro shi ne sabar guda da take faɗuwa kwana uku a jere yayin da sauran ɗari suke tafiya lafiya, domin jimillar za ta nuna kashi 99 cikin ɗari, kowa ya yi murna. Shafin Policy adherence ne maganin wannan: yana nuna ko kowane abu ya samu aƙalla kwafi ɗaya mai nasara a kowace rana. Ka duba shi abu-abu, ka fara da rumbun bayanan kuɗi da na albashi.

Akwai abin da rahoton ba zai taɓa faɗa maka ba. Sabar da aka buɗe makon jiya aka manta ba a sa ta cikin tsarin ajiya ba, ba za ta fito da ja ba, ba za ta fito ba ma sam. Kowane wata ka fitar da jerin Backup Items zuwa Excel, ka ajiye shi gefe da jerin dukkan sabobin da kake da su, ka bi layi-layi. Haka kuma ayyukan kwafin log na SQL, wato kundin canje-canjen ma'ajiyar bayanai, ba sa fitowa a waɗannan rahotanni, sai ka bi su ta saƙonnin faɗakarwa.

Wanda yake son ya tono da kansa ya buɗe Logs ya nemi teburin AddonAzureBackupJobs. Aiki ɗaya yakan bar layi fiye da ɗaya, shi ya sa ake fara tattarawa da summarize arg_max(TimeGenerated, *) by JobUniqueId kafin a tace JobStatus mai Failed. In ba haka ba lissafinka zai kumbura.

Shafin Optimize na kuɗi ne. Yana nuna abubuwan da suka daɗe ba su samu kwafi mai nasara ba, galibi sabobin da aka kashe amma har yanzu ana biyan ajiyarsu. Kafin ka goge, ka tambayi mai sabar a rubuce. Soft delete yana riƙe abin da aka goge kwana 14 a asalin saitinsa, bayan nan ya tafi ke nan.

Email Report yana ƙirƙirar Logic App, wato ɗan tsari mai sarrafa kansa, da zai riƙa aika rahoton kullum, ko mako-mako, ko wata-wata. Ka aika wa mutum biyu da aka san sunansu, ɗaya mai dubawa ɗaya mai maye gurbinsa, domin saƙon da aka aika wa kowa ba mai buɗe shi. Sannan duk wata uku ka zaɓi sabar ɗaya ka dawo da ita a wata hanyar sadarwa ta gwaji da ba ta haɗe da ta aiki, ka kunna ta, ka buɗe fayil biyu ko uku, ka rubuta minti nawa abin ya ɗauka. Wannan aikin dawowar zai fito a shafin Jobs, ka haɗa shi da rahoton watan, sannan ka goge sabar gwajin don kada ta ci gaba da cin kuɗi.