Yadda za ka koyi filamenko a gida: fara da tafi, ƙafa ta jira

Jama'a duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon matan nan na ƙasar Sifen masu doguwar riga suna dukan ƙasa da takalmi, ana kaɗa jita, wani dattijo na gefe shina rera waƙa da murya a shaƙe, to wanga abu shi ne filamenko, kuma matakin farko nashi ana iya koyonshi nan Sakkwato ko babu malami. Matsalar dai masu sha'awa ta ƙafa suke farawa, su yi ta dirkar siminti har gwiwa ta kumbura su watsar. Ba ta nan ake shiga ba. Hannu da kunne ake fara horarwa.

Ka fara sanin abin da za ka taɓa tukuna. Gidan filamenko Andalusiya ne, kudancin Sifen, musamman Sebiliya da Kadis da Heres. Waɗanda sunka fi riƙe shi su ne Hitano, mutanen da asalinsu arewacin Indiya ne, sunka shigo Sifen a 1425, sunka sha wuya ba kaɗan ba, a 1749 ma sarki ya sa anka kame dubbansu lokaci guda. Shi ya sa in ka ji waƙar tana ta zancen kurkuku da talauci da mutuwar uwa kada ka ɗauka salo ne kawai. Kunnenmu na nan in ya ji yadda mawaƙin ke jan murya sai ya ce ai wanga na Larabawa ne, kuma gaskiya Musulmi sun yi mulki a yankin tun 711 har Garnada ta faɗi a 1492, amma filamenkon da ake gani yau a ƙarshen ƙarni na 18 da cikin na 19 ya kammala siffa, ya fito daga cikin gidaje da maƙeru ya shiga gidajen shan gahawa masu dandamali, irin wanda Silverio Franconetti ya buɗe a Sebiliya a 1881. UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2010. Tarihi ya isa haka.

Tafi iri biyu ne. Akwai mai taushi, ka yi kwarmi da tafukan hannunka biyu ka haɗa su a gicciye sai ya ba da sauti mai zurfi, shi ake yi lokacin da mawaƙi ke rerawa don kada a danne mashi murya. Akwai kuma mai kaifi, yatsu ukku na hannun dama ka buga su tsakiyar tafin hagu ya yi ƙara tas, wannan na lokacin da mai rawa ta ɗau zafi ne. Duk wadda ta yi gaɗa a dandali tana ƙarama ta san tafi ba ado ba ne, shi ke riƙe da waƙar, wadda ta kuskure kowa sai ya juyo ya kalle ta, to haka abin yake can ma.

Yanzu lissafin bugu, kuma nan ne aikin yake wallahi, su suna ce mashi kompas. Fara da mai sauƙi wanda ake kira tangos, bugu huɗu ne: na ɗaya ka taka ƙafa hannu ya yi shiru, biyu ukku huɗu ka tafa. Ka yi ta maimaitawa har ka iya yinshi kana hira da mutum ba ka ɓace ba.

Sai babban, mai bugu 12, wanda salon waƙa da rawa irin su soleya da alegiriyas da buleriyas duk a kanshi sunka hau. Nauyin ba a rabe yake daidai ba, shina faɗawa kan 3, 6, 8, 10 da 12, wato ukku ukku sannan biyu biyu biyu. Ka ƙirga da baki kana ɗaga murya a wuraren nan: ɗaya biyu UKKU huɗu biyat SHIDDA bakwai TAKWAS tara GOMA ɗaya BIYU. Ka lura ban ce sha ɗaya sha biyu ba, numfashi ba zai kai ba, su kansu malaman can ɗaya biyu suke cewa a wurin. Tafa duka goma sha biyun a hankali da tafi mai taushi, ƙafa kuma ta taka inda nauyi yake kawai. Kwanakin farko kanka zai yi ta son mayar da abin huɗu huɗu saboda shi kunne ya saba ji a waƙoƙin waya, wajen takwas ne mutum ke zamewa kusan kullum, in ka zame kada ka tsaya ka koma farko, yi shiru ka ci gaba da ƙirga a zuci ka sake shiga a sha biyu. Fara da soleya don ita a natse take. Buleriyas ka bar ta sai can gaba, gudu gare ta kuma daga 12 ake fara ƙirga ta, in ka yi mata gaggawa za ka tsani abin gaba ɗaya.

Sauraro kuma dole ne. Sauke bidiyo daga YouTube da datar dare, ka rage gudunshi zuwa 0.75 ka bi da tafi. Wajen murya nemi Camarón de la Isla, wajen jita Paco de Lucía wanda ya rasu a 2014, wajen rawa kuwa Carmen Amaya, matar da ta riƙa sa wando a dandamali don a ga aikin ƙafarta a zamanin da ake ganin bugun ƙafa mai ƙarfi na maza ne. Ni a ganina kowa ya kamata ya ji martinete ko sau ɗaya, waƙar maƙera ce, babu jita sam, murya ce kawai wani lokaci da bugun guduma a kan ƙarfe. Su kuma 'yan katakan nan da ake ƙyasƙyasawa a hannu waɗanda anka fi nunawa a fina-finai, ba sharaɗi ba ne, kada ka ɓata kuɗinka.

To sai ƙafa. Dan Allah kada ka buga kan siminti ko tayil, je wajen kafinta ya yanko maka falle na katako mai kauri, faɗinshi kamar mita ɗaya, ka shimfiɗa tsohuwar darduma ko kafet a ƙasanshi. Takalmi mai rufi mai diddige mai ƙwari, shumeka zai iya jera maka ƙananan ƙusoshi a baki da diddige ya goge su su yi sumul, haka na asalin suke. Bugu ukku za ka koya: gaban tafin ƙafa, diddige, sai ƙafa duka lokaci guda. Gwiwa a ɗan lanƙwashe kullum, baya a miƙe, ƙafar daga gwiwa take tashi ta baya ta faɗo da nauyinta, ba da ƙarfin cinya ake dannawa ba. Minti goma ya isa a farko, kuma da zafin garin nan gara da safe ko bayan la'asar, sannan a tausaya ma maƙwabta, ba lokacin salla ko barcin rana ba.

Hannuwa a sama su ba su san ƙafa na gudu ba, a hankali suke tafiya, gwiwar hannu a ɗage, wuyan hannu na juyawa ciki da waje. Haɗa biyun nan ne ke ɗaukar watanni, ka tsaya gaban madubi ka yi haƙuri.

In kun kai ku ukku ko huɗu abin ya fi daɗi, ɗaya ya riƙe tafin tushe, ɗaya ya riƙa shiga tsakankanin bugun, ɗaya ya taka. In babu mai jita ku sa kafintan nan ya haɗa muku kahon, akwatin katako ne da ake zama a kai ana buga gabanshi da hannu, da rami zagayayye ta baya, asalinshi na ƙasar Peru ne Paco de Lucía ya shigo da shi filamenko a ƙarshen shekarun 1970. Ku gaya mashi allon gaba ya zama siriri kuma kada ya ɗaure kusurwoyin sama tamau, nan ne ƙarar mai kaifi ke fitowa.