Idan zuciyarka na ce maka kai sojan gona ne

Ranar da wata mujalla ta karɓi gajeren labarina na farko, sau huɗu na karanta saƙon editan. Neman inda ya yi kuskure nake yi, don na riga na yanke cewa labarin wani ya so ɗauka, sunana ya faɗo masa. Da labarin ya fito, sai na shiga jiran ranar da asirina zai tonu, a gane ban iya komai ba. Kusan shekara shida na yi a haka, ina rubutu ina jin kamar rigar aro ce a jikina.

Ashe masana sun daɗe da sanin abin. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa bincike kan mata fiye da 150 da suka yi fice a karatu da aiki. Ga digiri, ga yabo, amma suna jin yaudarar mutane suka yi. Daga baya aka ga maza ma ba su tsira ba. Clance ta bayyana yadda abin ke zagayawa: aiki ya zo, fargaba ta kama ka, sai ko dai ka yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙure, ko ka wahalar da kanka da shiri fiye da kima. In aikin ya yi kyau, mai jan ƙafa ya ce sa'a ce, mai wahala kuma ya ce da yana da basira da bai kwana a kai ba. Ko ta wace hanya, nasarar ba ta shiga lissafinka.

A aikin ƙirƙira abin ya fi ciwo, domin babu maki, babu sakamakon jarrabawa. Kai ka ga duk shafukan da ka yayyaga, na wasu kuwa gamammen aiki kawai ka gani.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ƙaramin littafi. Duk aikin da na gama, kafin kowa ya gani, nakan zauna na rubuta shawarwarin da na yanke a cikinsa. Ba yabon kai ba, zaɓi kawai: na cire shafi biyu na farko don labarin ya fara da gardamar, na mayar da mai ba da labari daga uwa zuwa 'yarta, na bar tambayar ƙarshe ba amsa. Mai zane zai rubuta dalilin da ya sa ya rage haske a gefen hagu, mawaƙi ya rubuta baitin da ya jefar. Ka yi wannan tun aikin yana da ɗumi, don bayan wata guda za ka manta, zuciyarka ta ce maka da kansa ya zo. Ranar da wani ya yaba farkon labarin nan, na buɗe littafin na ga ni na zaɓe shi, da hannuna, da dalilina. Sa'a ba ta cire shafi biyu.

Sai ka tambayi fargabar: me takamaimai ban iya ba? Wani lokaci tana da gaskiya. Ni hirar mutane ce ke ba ni wahala, kowa a labarina magana iri ɗaya yake yi. Wannan giɓi ne mai suna, kuma na zauna na koya. Amma in ka matsa ka ji amsar ita ce "komai", ba wani darasi a ciki, ka ci gaba da aikinka.

Idan an yabe ka, kada ka ce ba komai ba ne. Ka ce na gode, sannan ka tambayi wane wuri ne ya taɓa mutumin, ka ƙara a littafin.

Ka kuma sa wa gyara iyaka tun kafin ka fara. Ni sau uku nake bi, sai na tura. Karon farko da na yi haka hannuna na rawa, amma aikin ya karɓu kamar waɗanda na bi sau goma sha biyar, kuma daga nan na daina cewa rashin barci ne ke ceto na.

Ka sami abokin sana'a guda ɗaya da ka yarda da shi, ka faɗa masa. Na roƙi wata da nake ganin ta fi ni nesa ba kusa ba, da ta nuna mini rubutunta na farko kafin gyara. Ta turo, duk karce-karce, sakin layi guda ma ta rubuta shi sau biyar.

In kuwa abin ya kai ga hana ka barci ko cin abinci, ko ka ajiye aikin gaba ɗaya na tsawon watanni, ka ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, domin damuwa mai tsanani na iya ɓuya a ƙarƙashinsa.

Har yanzu muryar na zuwa mini, galibi daren da zan tura sabon aiki. Nakan buɗe littafin, na karanta shafi biyu ko uku, sannan na tura.