Yadda Ake Zaɓen Kiɗan Jitar Filamenko Domin Liyafar Aure

Duk wanda ya taɓa jin jitar filamenko a wayarsa, ya ji yadda yatsun makaɗin ke zuba a kan tsirkiya kamar yayyafi a kan rufin kwano, zai fahimci abin da ya sa wasu angwaye da amare a Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Injamena, suke sha'awar a sa musu ita a daren liyafarsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa mai sa kiɗa, "ka nemo mana irin na Sifaniya ɗin nan," a bar shi da zaɓinsa. Filamenko ya kasu gida-gida, kowane gida da taken sa da yanayin da yake ɗauke da shi, kamar yadda a wajenmu taken mahauta daban yake da taken sarauta, kuma ba a yi wa amarya kiɗan farauta. Na taɓa halartar wata liyafa a Garwa inda aka shigo da amarya da wani kiɗa mai sanyi da ya burge kowa, sai wani malamin Sifaniyanci da muke tebur ɗaya da shi ya sunkuyo ya raɗa mini cewa irin wannan taken a can na makoki ne. Babu wanda ya lura in ban da shi, amma bidiyon bikin yana nan, kuma za a daɗe ana kallonsa.

Asalin filamenko yankin Andalus ne a kudancin Sifaniya, musamman garuruwan Kadis da Heres da Sebiya, kuma al'ummar Gitano, wata ƙabila da ta daɗe da zama a can, ita ce ta fi kowa riƙe shi da raya shi. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Sunan Andalus ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a gaban malami, domin a can ne garin Ƙurɗuba yake, wanda ake jingina mai tafsiri Alƙurɗubi gare shi, kuma a garin ne shahararren makaɗin nan Ziryab ya sauka a shekarar 822 bayan ya baro Bagadaza. Da yawa daga masu nazarin kiɗa suna jin burbushin wancan zamani a cikin karin filamenko, wataƙila shi ya sa kunnen da ya saba da kiɗan Sudan da na Larabawa, kamar na mutanen Injamena da Kusiri, ba ya jin sa baƙo sosai.

Kafin a kai ga zaɓen take, sai an fara yanke inda kiɗan zai shiga a cikin hidimar bikin. Wurin ɗaurin aure, a masallaci ne ko a ƙofar gida, ba wurin kiɗa ba ne, wannan kowa ya sani. Ranar kamu da sa lalle da kai amarya kuwa suna da nasu waƙoƙin da guɗarsu da kalangunsu, kuma a ganina duk wanda ya ture waɗannan domin jitar wata ƙasa ya yi asara, ya kuma sayi ƙorafin gwaggwanni da innoni na shekara guda. Wurin da filamenko ya dace shi ne liyafar da ake yi a zauren taro, ko kuma 'yar walimar da wasu ke yi bayan an sa hannu a ofishin magajin gari. Ko a can ɗin ma ya kamata a fara jin ta bakin iyayen ɓangarorin biyu, domin akwai gidajen da ba sa son kayan kiɗa masu tsirkiya a hidimarsu, kuma wannan magana gara a yi ta tun ana saura wata guda da a yi ta a bakin ƙofar zaure.

Shigowar amarya ita ce gaɓar da ta fi cancantar a ɓata lokaci a kanta. Taken da zan fara ba da shawara a kai shi ne wanda ake rubutawa alegrías, wanda ma'anar sunansa ma farin ciki ce. Daga Kadis ya fito, garin bakin teku, sautinsa a buɗe yake, yana da fara'a amma yana da kamun kai, ba ya sa mai tafiya gaggawa, wanda kuwa shi ake so ga amaryar da ke cikin lafaya ko doguwar riga mai ja, ƙawaye na biye da ita. Idan ana son abin da ya fi wannan laushi, sai a nemi guajira, wanda ya samo ƙamshinsa daga Kuba, yana tafiya da rangwaɗa kamar iskar yamma a bakin kogin Binuwai. Akwai kuma colombiana mai irin wannan zaƙi, wadda bugunta ya fi sauƙin bi. Duk wanda aka zaɓa cikin ukun, a auna tafiyar tukuna. A je zauren da rana, a sa wata ƙawar amarya ta taka daga ƙofa zuwa kujerar ango a hankali, a duba agogo, sannan a ƙara minti ɗaya ko biyu saboda masu ɗaukar hoto da masu tare hanya. Jitar filamenko tana da wuraren da makaɗi ke rufe zance da bugu mai ƙarfi kafin ya buɗe sabo, to a irin wannan wuri ake tsayar da kiɗa. Yanke shi a tsakiyar jimla yana da daɗin ji daidai da katse wa babba magana.

Abin da ke rikita mutane shi ne cewa takunan da suka fi ratsa zuciya a filamenko, mafi yawansu na baƙin ciki ne. Soleá, wadda ake kira uwar takuna, sunanta daga kalmar kaɗaici ya fito. Seguiriya ta fi ta nauyi, domin waƙoƙinta sun fi karkata ga mutuwa da kurkuku da rabuwa da uwa, kuma ita ce aka shigo da amaryar nan da na ambata. Taranta ta masu haƙar ma'adinai ce a kudu maso gabashin ƙasar, kukan mutumin da ke cikin rami ne. Petenera kuwa, Gitano da yawa suna camfa ta, ba sa son a yi ta a gabansu. Mu ba ruwanmu da camfin, amma ba a ɗauko abin da masu shi ke gudu a kawo shi ɗakin amarya. Akwai kuma alboreá, wadda ita ce ainihin waƙar auren Gitano, sai dai tana da alaƙa da al'adarsu ta shaidar budurcin amarya, kuma bisa al'ada ba sa son a rera ta a wajen bikinsu, saboda haka ladabi ya sa a bar musu kayansu.

Lokacin cin abinci bai buƙatar dogon tunani. Granaína, ta garin Garnaɗa, ba ta da tsayayyen bugu, tana gudana ne yadda makaɗi ya ga dama, saboda haka tana zama a bayan hira ba tare da ta danne ta ba. A rage murya yadda na tebur ɗaya za su ji juna, shi ke nan.

Wurin rawa ne lissafi ke shigowa. Manyan takunan filamenko, irin su alegrías da bulerías, suna tafiya ne a kan zagaye mai bugu goma sha biyu, inda nauyin ke sauka a kan na uku da na shida da na takwas da na goma da na goma sha biyu. Wanda bai tashi a ciki ba, ƙafarsa za ta yi ta laluben inda za ta sauka ta rasa, musamman a bulerías ta garin Heres, wadda ke gudu kamar an sako doki. Saurarenta akwai daɗi, amma idan aka sa ta a lokacin da dangi suka fito yin liƙi, za a ga mutane sun yi cirko-cirko da kuɗi a hannu. Rumba da tangos su ne masu bugu huɗu, wanda jikinmu ya saba da shi, kuma a Kamaru da Cadi, inda rumbar Kwango ta daɗe da zama 'yar gida, ba wanda zai buƙaci a koya masa takawa. Wanda ke neman inda zai fara saurare, ya nemi makaɗin jita Paco de Lucía, wanda aka haifa a garin Alhesiras na Andalus a 1947 ya rasu a 2014. Rumbarsa mai suna Entre dos aguas, ta shekarar 1973, ta kayan kiɗa ce zalla ba waƙa, kuma tana farawa a hankali ta yi ta ƙara wuta, wanda ya sa ta dace da fitowar ango da amarya tsakiyar fili. Sevillanas kuma a yi hattara da ita, domin sassa huɗu ne gajeru, kowanne yana tsayawa cak kafin na gaba ya tashi, kuma wanda bai san da haka ba zai ɗauka wuta ce aka ɗauke.

Shawarata ita ce a tsaya ga jita zalla, da tafi da ɗan akwatin katakon da ake bugawa idan an so. Muryar mawaƙin filamenko a shaƙe take, da ƙaraji da kuka a cikinta, kuma tsofaffi za su iya tambayar ko lafiya. Idan kuwa lallai ana son mai waƙa, to a san abin da ake faɗa, domin kiɗa mai daɗin rawa kan zo da baitocin cin amana ko na masoyin da aka guje wa. A nan Kamaru abin da sauƙi, tunda ana koyar da Sifaniyanci a makarantun sakandare, da wuya a rasa malami ko ɗalibi a cikin dangi ko a unguwa da zai saurara ya fassara.

Saura batun wanda zai kaɗa. Samun wanda ya ƙware a filamenko na ainihi a yankinmu abu ne mai wuya, domin salon yana da nasa dabarun, kamar watsa yatsu a kan tsirkiyoyi shida a jere da ƙwanƙwasa fuskar jitar da farce. Amma makaɗin jita mai kunne, idan aka ba shi rumba biyu ko uku tun da saura makonni shida, zai iya fitar da ku kunya. A saurare shi ido da ido kafin a ba da kafin alƙalami, a kuma tabbatar jitarsa mai tsirkiyar roba ce, domin ta ƙarfe ba ta ba da wannan sauti. Jita ba ta da amon kalangu ko algaita, dole sai da makirufo a kusa da bakinta. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Injamena kan haura digiri 40, yana ɓata saitin tsirkiya, bushewar hunturu kuma tana iya tsaga katako, saboda haka kada a bar ta a cikin mota a rana, kuma a ba makaɗin 'yan mintoci ya daidaita ta kafin amarya ta iso.

Idan na'ura za a yi amfani da ita, kada a dogara da intanet a daren. A sauke kiɗan tun da wuri, a jera shi bisa tsarin hidima, a sa wa kowanne suna da Hausa ko Faransanci, kamar "shigowar amarya" da "cin abinci" da "liƙi", a zuba a filash guda biyu, ɗaya a hannun mai sa kiɗa, ɗaya a aljihun babban abokin ango. A gwada lasifikokin zauren da janareto a kunne, domin ƙararsa tana iya haɗiye jita gaba ɗaya idan yana kusa da taga. A rubuta wa mai gabatarwa lokacin da za a dakata domin sallar Magariba ko Isha'i, a kuma roƙe shi ya yi shiru na mintocin da amarya ke takowa, ya ajiye kirarinsa sai ta zauna. Idan kuma daga waya za a sa kiɗan, a rufe layin kira tukuna.